Injin da ke Sumewa a Goronyo

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon tela a nan Wurno, sai wani ya jefo, "Sanusi, wai har Kwanni kat tahi kan kwamfuta guda?" In na fara bayani a kira salla, in an dawo wani sabo ya zo ya ce a faro masa daga farko. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa takarda. Amma mai jiran labarin yawon buɗe ido ya haƙura. Kwana bakwai na yi, ban ga komai ba sai hanya da zafin bazara da fuskar allo, kuma a cikin kwanakin nan akwai abin da bakina ya yi wanda har yau ba na jin daɗin tuna shi.

Sana'ata gyaran kwamfuta. Yawancin aikina na malaman makaranta ne da masu shagon buga takardu, amma na taɓa yin shekara uku ina kula da manyan injuna a wani ofis a Sakkwato, don haka in babba ta lalace a yankinmu ni ake nema.

Wanda ya kira ni Alhaji Garba ne, shugaban wata ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan dam ɗin Goronyo. Wasu masu tallafi sun ba ƙungiyar babban inji da ɗan jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoton gonaki daga sama. Injin ke haɗa hotunan, ya nuna gonakin da suka fi ƙishi, da shi ake tsara wa za a buɗe wa ruwa yau, wa zai jira gobe. Bana masu tallafin suka aiko da ƙarin memori, aka ɗaga shi daga giga sittin da huɗu zuwa ɗari biyar da sha biyu. Ba memorin waya nake nufi ba, wanda ake zuba wa'azi da hotunan biki. Memorin inji shimfiɗa ce da yake baza aikinsa a kai kafin ya kai shi ajiya cikin faifai, kuma da an ɗauke wuta duk abin da ke kan shimfiɗar ya tafi.

"Tun da anka ƙara mai abin ga yat tashi da hwarhwaɗiya," in ji Alhaji. "Ana cikin aiki sai shi sume. Sati ukku ke nan muna raba ruwa da ka, mutane sun kusa cin junansu. Ka biyo ta Rabah ka ɗauko Malam Umaru mai ajiyarmu, makullan ɗakin injin na hannunai, ya tahi suna."

Na ɗauki jakata na hau kabu-kabu zuwa bakin titi. Motar da na samu ta Rabah, in ka cire direba, ni kaɗai ne abin da ba a ɗaure da igiya ba. Buhunan albasa a baya, buhunan albasa a sama, wata tsohuwa kusa da ni da kaji uku a kwando, ɗaya ta yi ta saran maɗaurin jakata har muka isa.

A Rabah na iske gidan Malam Umaru cike, jikarsa ake wa suna. Dattijo ne siriri, ya haura hamsin, mai magana a hankali kamar kada ya tashi mai barci. Bai taɓa ganina ba, amma ya kama hannuna ya kai ni zauren manya, ya sa aka kawo min tuwon shinkafa da naman suna, ya tsaya a kaina sai da na ci. Makullan ofis suna ɗaure da zare a aljihun rigarsa, ko a ranar sunan jikarsa bai ajiye su ba.

"Shekara goma sha ɗaya suna nan," ya ce, ya dafa aljihun. "Matata ta ce ko kabari da su za a sa ni."

Bayan azahar ya goya ni a babur ɗinsa muka kama hanyar Goronyo. Kusa da Marnona tayar baya ta sace. Na ce in karɓi turin, ya ƙi, wai baƙo ba ya tura babur. Haka ya tura shi cikin ranar nan har wurin mai faci, ni ina biye da jaka ina jin kunya. Mai facin ya yi aikinsa yana duban rana, mu ma muna dubanta, don kowa ya san hanyar nan yanzu ba a bari magariba ta iske mutum a kanta. Muka wuce shingen jami'ai biyu, muka shiga Goronyo rana na shirin faɗuwa.

Masaukina wani ɗaki ne bayan ofis inda ake ajiye irin albasa. An share min gefe guda an shimfiɗa katifa. Warin ya shiga kayana har yau matata na cewa akwai saura. Wata dattijuwa maƙwabciyar ofis ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka, da ƙaton kifin dam kwance a ciki. Mu ma a Wurno muna da fadama muna da ruwa, amma ban taɓa ganin inda ake sa kifi a kome kamar nan ba. Da safe ma da aka kawo kunu sai da na leƙa cikin kwanon.

Washegari Malam Umaru ya buɗe ɗakin injin. Ƙaramin ɗaki ne mai fanka biyu, wutarsa ta sola, da rana ta yi sanyi batir ya fara kuka sai a kashe kome. A nan na haɗu da Malama Hadiza, wadda ke aiki da injin kullum, ita ke fitar da jadawalin ruwa. Mace ce mai 'ya'ya uku, ga fuskarta duk gajiya. Tun ban zauna ba ta fara min bayani, tana cewa wani abu game da hotunan jirgi da lokacin da abin ke faruwa. Ina ta "to, to," amma hannuna na kwance murfin inji, hankalina na kan sandunan memori goma sha shida da ke jere a ciki. Na riga na yanke hukunci tun daga Wurno: an sa sabon abu, cuta ta zo, to sabon abin ne cutar.

Na tambaye ta in ya sume me suke yi.

"Mu kan jira kaɗan, in bai motsa ba mu kashe shi ga bango mu kunna. In ya tashi, aikin yini dut ya ɓace."

Na sa manhajar gwajin memori. Sai dai memori mai yawa haka gwajinsa ba ya ƙarewa a yini guda, wutar ɗakin kuma ba ta kwana. Na zauna ina kallon lamba tana rarrafe kamar hawainiya. A bakin ƙofa wani tsohon manomi ya zauna tun hantsi, gonarsa na can ƙarshen magudana inda ruwa ke isa a ƙarshe. Duk wanda ya fito sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya tashi?" Albasarsa ta yi kwana tara ba ta sha ba.

Da la'asar 'yan kwamiti suka taru ƙarƙashin dogon yaron ofis, su goma sha ɗaya, na ƙirga su daga baya a raina sau da yawa. Gwaji bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba batir ya yi kuka. Na fito da ciwon kai, riga ta manne a bayana. Alhaji Garba ya ce, "To Malam Sanusi, mi kag gani?"

Gaskiyar magana ban ga kome ba. Amma mutum goma sha ɗaya sun zuba min ido, an ɗauko ni daga wani gari a matsayin gwani, sai na ji nauyin in ce ban sani ba. Na ce, "Ina zaton memorin nan ba na ƙwarai ba ne. Akwai jabu da yawa a kasuwa yanzu."

Wani daga gefe ya ce, "Ai waɗanda sunka aiko shi ba su aiko jabu."

Wani ya ce, "To wa ya amshi kwalin?"

Kowa ya san amsar. Malam Umaru ne ya karɓa, a ɗakin ajiyarsa kwalin ya yi kwana goma kafin mai haɗawa ya zo. Na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, amma magana zarar bunu ce. Malam Umaru ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu, ya kwance zaren nan a hankali, ya ajiye makullan a kan tabarma gaban Alhaji.

"Ku riƙa har a gane gaskiya," ya ce. Ya tada babur ɗinsa ya kama hanyar Rabah, ga rana ta yi ƙasa. Ba wanda ya tsayar da shi. Ni ma ban tsayar da shi ba.

Tuwon ranar ban iya cinsa ba.

Abin da ya rage min shi ne in tabbatar, ko ta wane hali. Inji irin wannan da wuta mai kwana, wanda na san za a bar ni in taɓa, guda ne: na ofishin da taubashina Isuhu ke aiki a Birnin Kwanni, can ƙetaren iyaka, su ma harkar ban ruwa suke yi. Ɗan gwaggona ne da aka aurar can. Na kira shi ya ce in zo. Da sassafe na zare sanduna huɗu na sa a ledarsu mai ƙyalli, na hau mota zuwa Sakkwato, daga nan na canza ta Illela. Wannan hanya ba abin faɗi a cikinta sai zafi. Mutum huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata na cikin haƙarƙarin wani mai sayar da fata, shi kuma warin hajarsa na cikin hancina.

A kan iyaka aka ce kowa ya buɗe kaya. Wani jami'i ya zaro ledar, ya buɗe, ya ga gefen sandunan na walƙiya ruwan ɗorawa.

"Wanga mi na? Zinari?"

Na ce memorin kwamfuta ne. Ya kama ɗaya da yatsu daidai wurin da ba a taɓawa, ya ɗaga ta ga rana. Ban san lokacin da na ce "Kai, kar ka taɓa nan!" ba. Wannan tsawa ita ta jawo min zaman awa biyu a kan benci. Aka kira wani, shi ma ya kira wani. Na ƙarshen ya fi su shekaru, ya juya sandar ya ce ɗansa na da irinta a gida, ƙarama. Ya tambaye ni garinmu, na ce Wurno, sai ya ce kakarsa can take, ya tambayi wata unguwa, na kwatanta masa. Ya miƙo min kayana ya ce in daina yi wa masu kaki tsawa. Motata ta daɗe da tafiya. Kabu-kabu na hau na ƙarasa.

Kwanni ba nisa, Hausarsu tamu ce, amma sai ka ji kamar an ɗauki gidanku an sauya wa kayan ɗaki wuri. Kwamfuta a can ordinatar ce, wutar lantarki kuran, makaranta lakwal. Burodinsu dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Da rana ta take sai a rufe ofis kowa ya tafi gida ya kwanta, ko da uban wa ke jira. Na isa daidai wannan lokaci, na zauna a inuwar bango har Isuhu ya gama barcinsa.

Ya zo yana dariya tun daga nesa. "Bawana ya zaka! An ce zinari kaɗ ɗauko muna."

Ashe labari ya riga ni, mai kabu-kabun maƙwabcinsa ne. Ban da ƙarfin rama wasa. Muka sa sandunan a injinsu muka tada gwaji, ya kai ni gida. Gwaggo ta rungume ni ta yi kuka ta ce na rame, ta cika min kwano da dambu da zogale. Bayan nan aka dasa shayi. A wurinmu shayi kofi guda ne ka sha ka tashi. A can ƙananan kofuna ne zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Na sha duka ukun a kan gajiya da yunwar hanya, ban runtsa ba har wayewar gari.

Gwajin ya ƙare da hantsi. Sanduna huɗu, ba kuskure ko ɗaya. Isuhu ya duba lambobin jikinsu ya ce na asali ne, irin wanda su ma suke da shi. Na zauna na dafe kai. Rabina ya ji sanyi saboda Malam Umaru, rabina ya ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Saura sha biyu," na ce. "Wataƙila a cikinsu ne."

Isuhu ya daina wasa. Ya ce, "Taubashi, memori in ya lalace ba shi sumewa shi farka. Mutuwa shi kai, ko shi ɓata lissahi. Wanga naku in an bar shi, shina tashi?"

Na ce ban sani ba, ba su taɓa barinsa ba.

"To da wane lokaci shi ka sumewa? Ana mi?"

Nan ma ban sani ba. Ya dube ni kawai, kuma da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Layin wayata ba ya kamawa a cikin gari, sai a kan wani tudu wajen hanyar iyaka inda 'yan Najeriya ke taruwa kowa da waya a kunne. Can ya kai ni na kira Malama Hadiza. Na tambaye ta ana me injin ke sumewa.

Ta ce, "Malam Sanusi, ai na hwaɗa maka tun ranar da kaz zaka. In ina juye hotunan jirgi daga kati. Sai shi nuna ya ƙare da sauri, sauri na ban mamaki, im fara wani aiki, sai kome shi daskare. Da can juyewar kan daɗe, amma ba shi sumewa."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba kome, irin "ba kome" ɗin da ka san akwai kome.

A kan tudun nan abin ya faɗo min, kafin ma Isuhu ya buɗe baki. A cikin manhajar da ke tafiyar da inji akwai uwar tafiya, wadda muke kira kanal, ita ke raba memori da faifai tsakanin ayyuka. In ana rubuta abu, ba ta kai shi faifai nan take. Takan tara shi a memori, ta ce maka an gama, sannan ta riƙa kwashewa a hankali. Iyakar abin da ta yarda ya taru ba adadi ba ne tsayayye, kaso ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar na memorin. Lokacin da memorin ke giga sittin da huɗu, tarin ba ya fin ƙarfin faifai. Yanzu da ya ninka sau takwas, sai ta tara abin da ya kai giga ɗari, sannan ta tsayar da kowa ta ce sai an kwashe. Faifan kuwa tsohon nan ne mai tafiyar jaki. Injin ba suma yake yi ba, kwasar kaya yake. Su kuma sai su kashe shi a bango da kayan a hannunsa.

Kwana na biyar duk a hanya ya ƙare, Kwanni zuwa Illela, Illela zuwa Sakkwato, Sakkwato zuwa Goronyo. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni ya ce, "Mai zinari ya dawo." Na yi masa murmushin da ya rage min.

Da safe na mayar da sandunan. Wannan karo ban taɓa kome ba sai da na sa Malama Hadiza ta zauna a kujerar, na ce ta yi yadda ta saba. Na buɗe wurin da kanal ke nuna yawan abin da bai kai faifai ba. Ta fara juye hotuna. Lambar ta yi ta hawa, goma, talatin, sittin, tana hawa kamar farashin taki. Da ta kusa ɗari kome ya tsaya cak. Hannunta ya nufi bango da kansa.

"Bar shi," na ce.

Muka zauna muna kallon allo daskararre, fitilar faifai kaɗai ke ci ba ƙyaftawa. Tsohon nan ya leƙo ya ce, "Ya tashi?" Alhaji Garba ya shigo ya tsaya a bayanmu yana jan carbi. Minti ashirin da wani abu, sai kibiyar allo ta motsa. Kome na nan, ba abin da ya ɓace. Na buɗe littafin da kanal ke rubuta koke-kokenta, ga shi layi bayan layi, aiki kaza ya tsaya sama da daƙiƙa ɗari da ashirin yana jiran faifai. Tun sati uku take faɗa. Da na buɗe wurin nan ranar farko, da ban je Kwanni ba, da Malam Umaru bai kwance zarensa ba.

Na ce wa Alhaji matsalar daga saitin kanal ce.

"Wane Kanar kuma?" ya ce. "Soja sun shigo cikin maganar ga?"

Malama Hadiza ta yi dariya, karo na farko da na ji. Gyaran layi biyu ne. Na cire kaso na sa adadi: in abin da ya taru ya kai rubu'in giga a fara kwashewa, kada kuma ya wuce giga ɗaya. Muka gwada, lafiya lau. Na kashe na kunna don in tabbatar, sai ga suma ta dawo, Alhaji ya ce innalillahi. Gajiya ce ta sa na manta ban rubuta saitin a takardar da injin ke karantawa in ya tashi ba. Na rubuta, muka sake, sau uku. Juyewar hotuna ta koma tana daɗewa kamar da, Malama Hadiza ta ce ya rage sauri. Na ce wancan saurin ƙarya ne, wannan ne na gaskiya. Kafin azahar ta fitar da jadawali, gonakin ƙarshen magudana ne a sama. Tsohon bai tsaya godiya ba, ya saɓa fartanyarsa ya yi gaba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na faɗa wa Alhaji memorin ƙalau yake, na asali ne. Ya ce alhamdu lillahi, zai kira Malam Umaru. Na ce a'a, ni zan je.

Na isa Rabah da la'asar. Aka ce yana gona. Na iske shi a tsugune yana cire ciyawa cikin albasa. Ya amsa sallamata, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, kamar ba abin da ya faru. Na tsuguna na faɗa masa kome, na ce kuskurena ne, ya yafe min.

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa. "Na yahe maka, Malam Sanusi, tun ranar. Ba ka nuhe ni da sharri ba." Sannan ya ce, "Amma ranar da kac ce jabu na, mutum goma sha ɗaya sunka ji ka. Yau da kac ce ba jabu ba na, ni ɗai ka jin ka, sai albasa. Shekaranjiya surukina ya zaka har gida yana tambayata wai mi ya hwaru da kayan ohis. Daga kasuwa yaj ji."

Niyyata daga Rabah in wuce gida, ƙafafuna sun kumbura, rabona da barcin kirki tun Wurno. Na kwana a zaurensa, shi ya kawo min tabarma da ruwa da hannunsa. Da safe na sake hawa motar Goronyo. Na roƙe shi mu tafi tare ya ce a'a, ba shi ya yi maganar ba.

Ranar Juma'a ce. Na sa Alhaji ya tara 'yan kwamiti bayan an sauko, ƙarƙashin itacen nan. Na miƙe tsaye na ce memorin da Malam Umaru ya karɓa shi ne wanda aka aiko, an gwada shi har ƙasar waje, ba abin da ya taɓa shi. Na ce ranar nan ban san abin da ke damun injin ba, kunyar in ce ban sani ba ta sa na faɗi abin da na faɗa. Na ce wadda ta san ciwon tun farko Malama Hadiza ce, ni ne ban saurara ba. Aka yi ta "Allah shi kyauta," "ai ɗan Adam ajizi na." Alhaji ya ce gobe da kansa zai kai makullai Rabah.

Ina zaune na ƙirga su. Bakwai ne. Huɗu ba su zo ba, wani ya tafi ɗaurin aure, wani na gona yana tare ruwa. Ban san kasuwannin da suka kai maganar ba, ban kuma san wanda zai bi ta can ya dawo da ita ba.

Na iso Wurno ana kiran magariba, na yi kwana biyu ban fita ba.

Makon jiya Malama Hadiza ta kira ni. Injin bai sake sumewa ba, albasar tsohon rabi ta tsira. Na tambaye ta labarin Malam Umaru. Ta ce ya dawo aiki, makullan na aljihunsa kamar da. Sai dai yanzu ko kwalin takarda aka kawo ba ya karɓa shi kaɗai. Sai ya bar shi a bakin ƙofa cikin rana, ya je ya nemo mutum biyu su tsaya a kansa, sannan ya buɗe.